Tulun Joseon da tukunyar Kwali: koyar da tarihin fasahar Koriya a Abuja

Tsarin da aka saba bi wajen koyar da tarihin fasahar Koriya ya raba darasin gida biyu. Kashin farko shi ake kira na gargajiya, a faro daga zane-zanen da ke jikin bangon kaburburan Goguryeo, a bi ta kan kambunan zinariya na Silla da korayen tangaran na Goryeo, har a kai ga faɗuwar daular Joseon. Kashi na biyu shi ne na zamani, kuma galibi ba ya kankama sai bayan yaƙin da aka gwabza daga 1950 zuwa 1953. Shekaru 35 da Japan ta yi tana mulkin mallaka a ƙasar, daga 1910 zuwa 1945, sai su faɗa tsakani, malamin gargajiya ya ce ba hurumi nasa ba ne, malamin zamani kuma ya wuce su a gurguje. Ina koyar da tarihin fasaha a wata babbar makaranta a nan Abuja, kuma ra'ayina shi ne wannan rabo yana cutar da ɗalibi, domin a cikin waɗannan shekarun da ake tsallakewa ne aka zaɓi mafi yawan abin da yau ake nuna wa duniya a matsayin gargajiyar Koriya, waɗanda suka yi zaɓin kuwa mutane ne masu suna, kowanne da dalilinsa da buƙatarsa.

Ɗalibaina sun san Koriya kafin su shigo aji, amma ta wayoyin Samsung, da motocin Hyundai da Kia, da finafinan da ake kallo a waya har tsakar dare. Wasu ƙalilan sun taɓa leƙa Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010, ko don koyon harshe ko don wasan taikwando. Asalin kayan da muke magana a kai kuwa suna can Seoul da Gyeongju da Tokiyo da Landan da Faris. Abin da muke da shi shi ne majigi, idan an kawo wuta, da hotunan da nake bugawa a takarda mai kauri. An ce gani ya kori ji, to a ajinmu ganin ma na hoto ne. Wannan ya sa malami a nan aiki biyu ke kansa, koyarwa da kuma aikin mai shirya baje koli, domin duk abin da bai haska a bango ba, a wurin ɗalibi tamkar ba a taɓa yin sa ba.

Da yumɓu nake farawa, saboda shi ne abin da ɗalibin Abuja ya sani da hannunsa. A zamanin daular Goryeo, wadda ta yi mulki daga 918 zuwa 1392, maginan Gangjin da Buan sun kai ginin koren tangaran matuƙa. Launin nan mai kama da ruwan tafki ba fenti ba ne, ɗan ƙarfen da ke cikin ruwan ƙyallin ne yake juyewa kore idan aka toya kayan da zafi mai tsanani aka kuma taƙaita iskar da ke shiga matoya. Dabarar daga Sin ta zo, amma a 1123, lokacin da wani jami'in daular Song ta Sin mai suna Xu Jing ya ziyarci fadar Goryeo cikin tawagar jakadanci, ya koma gida yana yaba launin, wato yabo ne daga bakin masu abin. Abin da Koriyawa suka ƙara da kansu shi ne dabarar da suke kira sanggam. Magini yakan ɗauki ɗan ƙarfe mai kaifi ya ƙwaƙule zane a jikin tulu tun yumɓun bai gama bushewa ba, ya cike ramukan da farin yumɓu ko ja, ya kankare saman har ya yi daidai da jikin tulun, ya toya sau ɗaya, sannan ya shafa ruwan ƙyalli ya sake toyawa. Farin yakan fito fari tas, jan kuma ya koma baƙi, dukansu suna kwance a ƙarƙashin koren kamar ana hango su ta cikin ruwa.

Akwai wani tulu mai faɗin kafaɗa da ƙaramin baki da ke gidan tarihi na Kansong a Seoul, wanda nakan daɗe a kansa. Jikinsa cike yake da gajimare da gomman tsuntsaye dangin gauraka. Waɗanda aka kewaye da da'ira duk sama suke tashi, waɗanda ke wajen da'irorin kuma ƙasa suka nufa, kuma kowane baki da kowace ƙafa da hannu aka ƙwaƙule aka cike. Nakan ba ɗaliban sashen ginin tukwane ɗan falan yumɓu su gwada tsuntsu ɗaya tak, kuma daga ranar ba na sake buƙatar yi musu bayanin dalilin da ya sa ake girmama wannan tulu.

Daular Joseon, wadda ta karɓi mulki a 1392, ta juya wa addinin Buddha baya ta rungumi koyarwar Konfushiyos, kuma ɗanɗanon fada ya koma kan farin tangaran marar yawan ado. Matoyar sarauta tana gundumar Gwangju ta lardin Gyeonggi, kusa da babban birni, kuma saboda cin itacen da take yi sai da ta riƙa ƙaura daga kurmi zuwa kurmi kafin ta zauna wuri guda a 1752. Darajar maginan Koriya ta kai a lokacin mamayar da shugaban Japan Toyotomi Hideyoshi ya kai ƙasar daga 1592 zuwa 1598 an kwashi da yawa daga cikinsu zuwa Japan, inda asalin tangaran na garin Arita yake komawa ga ɗaya daga cikinsu, Yi Sam-pyeong. Daga matoyar sarautar nan ne, tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da ƙarni na 18, aka fito da babban farin tulun da yau ake kira tulun wata. Tsayinsa yakan haura santimita 40, kuma da yake yumɓun ba ya iya ɗaukar wannan girman a juyi ɗaya, sai a gina manyan kwanuka biyu a kife ɗaya a kan ɗaya a haɗe su a ciki. Shi ya sa babu wanda ya fito da cikakken zagaye, kowanne yakan ɗan karkata, kuma farinsa ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa.

Na taɓa kai ɗalibai Ushafa wurin mata masu ginin tukwane, na riƙe hoton wannan tulu a hannu. Na miƙa wa wata dattijuwa da ke murza bakin randa da ɗanyen ganye, na ce, "Mama, ki duba mana wannan, daga wata ƙasa mai nisa yake." Ta goge hannu a zaninta, ta karkata hoton wajen haske, ta sa ɗan yatsa a tsakiyar tulun ta ce, "Malam, ai wannan biyu aka haɗa, ga gaɓar nan." Sannan ta tambaya, "To me suke zubawa a ciki?" Tambayarta ita ce wadda takardun bayani na manyan gidajen tarihi suka fi yawan tsallakewa. Tulun da aka gina domin amfani an ɗauke shi an tsayar shi kaɗai a cikin gilashi an haska masa fitila, ya zama alamar ƙasa baki ɗaya, kuma wannan sauyi a ƙarni na 20 ya auku, ba a zamanin Joseon ba.

A nan ne dole a shiga shekarun mulkin mallaka. Wani masanin Japan mai suna Yanagi Muneyoshi, tare da 'yan'uwa biyu Asakawa Noritaka da Asakawa Takumi, su ne suka fara tattara farin tangaran na Joseon da kayan amfanin talakawa a lokacin da masu kuɗi ba su damu da komai ba sai koren Goryeo. Yanagi ya yi rubutu a 1922 yana adawa da rushe Gwanghwamun, babbar ƙofar fadar sarakunan Joseon a Seoul, kuma a 1924 shi da abokansa suka buɗe gidan adana fasahar al'ummar Koriya a cikin fadar Gyeongbokgung. Ba na shakkar ƙaunar da yake yi wa kayan. Sai dai ya ɗora musu fassarar da ta yi nisan kiwo, inda ya ce kyawun fasahar Koriya kyawun baƙin ciki ne, farin nan launin makoki ne na al'ummar da tarihi ya yi ta takawa. Wannan magana tana da daɗin ji ga mai mulki, domin tana nuna wanda ake mulka a matsayin abin tausayi da ke buƙatar mai riƙe masa hannu. Farin Joseon kuwa zaɓi ne na fada mai ƙarfi wadda ta ɗauki tsantseni a matsayin ado, kuma shuɗin da ake zana tangaran da shi daga waje ake sayo shi da tsada.

Koriyawa ba su zauna sun zuba ido ba. Ko Yu-seop, wanda ya riƙe gidan tarihi na Gaeseong daga 1933 har rasuwarsa a 1944 yana da shekara 39, ya yi ta yawo yana auna hasumiyoyin duwatsu na wuraren ibada, yana kafa tarihin fasahar ƙasarsa a kan hujja. Jeon Hyeong-pil, magajin wata babbar dukiya, ya ƙarar da ita wajen sayen kayan tarihi domin kada su tsallaka teku, kuma shi ne ya sayi tulun gaurakin nan a 1935, ya gina masa da sauran kayan gida a 1938, gidan da yau ake kira Kansong. Duk ɗalibin da ya ga hoton tulun ba tare da jin wannan labari ba, rabin abin kawai ya gani.

Abin da ya fi ɗaure wa ɗalibaina kai shi ne jin cewa zaren wannan labari ya iso har ƙofar gidanmu. Babban abokin Yanagi shi ne Bernard Leach, maginin tukwane ɗan Ingila, wanda ya kafa matoyarsa a St Ives a 1920. Leach ya sayi wani tulun wata a Seoul a 1935, ya kai shi Ingila, ya ba wa maginiya Lucie Rie ajiyarsa a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma tun 1999 tulun yana babban gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Ɗaya daga cikin almajiran Leach na farko shi ne Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka jami'in ginin tukwane a Najeriya a 1950, ya kafa cibiyar horarwa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, mace ta farko da ta yi hakan. Ta ci gaba da gina manyan tukwanenta da hannu yadda ta koya a Kwali, tana zana ƙadangaru da kifaye da kunamu da kadoji, amma yanzu da yumɓun da ke jure wuta mai tsanani, ana cike zanen da farin yumɓu a rufe da ruwan ƙyalli mai ɗan kore. Ba na cewa Ladi Kwali ta kwaikwayi Goryeo, domin zanenta na Gwari ne tun asali. Abin da nake cewa shi ne ɗanɗanon da ya sa aka lulluɓe tukunyarta da irin wannan ƙyalli daga Gabashin Asiya ya taso, ya bi ta hannun Leach da Cardew. Sakamakon kuma iri ɗaya ne da na tulun wata, domin tukunyar ta yi nauyin da ba a iya ɗaukarta zuwa rafi, ta daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, ta koma abin ajiya a falon masu hali da gidajen tarihi na Turai. Ladi Kwali tana bayan naira 20, kamar yadda Shin Saimdang, mai zane ta ƙarni na 16, take kan takardar won 50,000 tun 2009, kuma nakan ɗora hotunan takardun kuɗin biyu gefe da gefe in tambayi aji wa ya zaɓe su da kuma abin da ake so su wakilta.

A fannin zane na fi tsayawa a ƙarni na 18. Kafin lokacin masu zanen Koriya sukan zana duwatsun Sin da ba su taɓa gani ba, sai Jeong Seon, wanda ya rayu daga 1676 zuwa 1759, ya juya ga duwatsun ƙasarsa. A 1751, yana dattijo mai shekara fiye da 70, ya zana dutsen Inwang bayan ɗaukewar ruwan sama, ya yi ta maimaita baƙar tawada a kan falalen har ya yi nauyin jiƙaƙƙen dutse, hazo kuma yana kwance a gindinsa inda ya bar takardar fara. Wannan zane yana cikin kaya kusan 23,000 da iyalan marigayi Lee Kun-hee, shugaban Samsung, suka ba wa ƙasa a 2021, abin da ke buɗe mana tattaunawa a kan yadda dukiyar attajiri take zama gadon al'umma. Kim Hong-do kuwa, wanda aka haifa a 1745, rayuwar talakawa ya zana: 'yan kokawa, maƙera, masu rufin ɗaki. Akwai zanensa na makarantar ƙauye, inda malami yake zaune bayan ɗan teburinsa, bulala tana ajiye a gefe, yaro ɗaya a tsakiya yana share hawaye, sauran kuma suna kewaye da shi da littattafai a buɗe suna ƙunshe dariya. Ban taɓa haska shi ba tare da wani ya ce, "Malam, ai makarantar allo ce," ba. Nakan bar su su ji daɗin wannan kusanci, sannan in tuna musu cewa Kim Hong-do ma'aikacin ofishin zane na fada ne a zamanin Sarki Jeongjo, don haka talakan da muke gani talaka ne kamar yadda fada take son ganinsa, mai ƙoshi, mai fara'a, mai aiki.

Akwai wani ɓangare da malamin Seoul ba ya fuskantar irin nauyinsa da muke fuskanta, wato siffofin addinin Buddha. Ajina ya haɗa Musulmi da Kirista, kuma dukansu sun taso da sanin hukuncin gumaka. Wata ɗaliba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka gafarce ni, shin dole ne mu yaba abin da ake bauta wa?" Na ce mata ba a neman kowa ya yarda da aƙidar da ta haifar da su, abin da ake nema shi ne sanin yadda mutanen ƙarni na 8 suka sassaƙa dutse mai tauri suka gina kogon Seokguram a kan dutsen da ke kusa da Gyeongju, da abin da suka yi imani da shi har suka ɗauki wannan wahala, domin wanda bai san abin da wata al'umma ta girmama ba, ba zai fahimci tarihinta ba. Seokguram kuma darasi ne a kan gyara, saboda a farkon mulkin mallaka an wargaza kogon an sake haɗa shi da siminti, sai danshi ya samu wurin zama, har ta kai yau ta bayan gilashi ake kallon cikinsa. A Nuwamba 2021 babban gidan tarihi na ƙasa a Seoul ya keɓe ɗaki guda mai ƙarancin haske ga siffofi biyu kacal na tagulla mai ruwan zinariya, na ƙarni na 6 da na 7, kowanne a zaune da ɗan yatsa a kumatu. Tsarin yana da kwarjini, amma a ganina ya rage wa mai kallo bayani domin ya ƙara masa shauƙi, kuma nakan sa ɗalibai su yi muhawara a kan ko cinikin ya yi riba.

Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce ba na haska hoto ba tare da faɗin inda abin yake a yau ba. Zanen mafarkin da An Gyeon ya yi a 1447 yana Jami'ar Tenri a Japan, kuma mafi yawan zane-zanen addini na Goryeo da suka tsira su ma a Japan suke. Jikji, littafin da aka buga da haruffan ƙarfe a Cheongju a 1377, shekaru da dama kafin Gutenberg ya fara irin wannan bugu a Turai, yana babban ɗakin karatu na Faransa. Kundayen bukukuwan sarauta da sojojin Faransa suka kwashe daga tsibirin Ganghwa a 1866 sun yi fiye da ƙarni a Faris kafin wata masaniya 'yar Koriya, Park Byeong-seon, ta gano su a 1975, kuma sai a 2011 kundaye 296 suka koma gida, shi ma a matsayin aro da ake sabuntawa duk shekara biyar. A wannan gaɓar aji yakan ɗauki zafi, domin kowa yana tuna tagullan Benin da aka wawashe a 1897, da yadda Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar nata kason a 2022. Wasu sukan ce karɓar aron abinka wulaƙanci ne, wasu su ce kayan da ke hannunka sun fi takardar mallakar da ke jiran kotu. Ni na fi karkata ga na farko, amma ina ganin nauyin hujjar na biyu, tunda yau masanan Koriya suna buɗe kundayen nan a Seoul.

Idan an bi ta wannan hanya, sai a shiga zamani ba tare da an ji an tsallake katanga ba. Ko Hui-dong, ɗan Koriya na farko da ya koyi zanen fentin mai irin na Turai, a Tokiyo ya koya, ya kammala a 1915, daga baya kuma ya koma ga tawada. Na Hye-sok ta yi baje kolin zanenta ita kaɗai a Seoul a 1921, a lokacin da hakan baƙon abu ne ga mace. Daga 1922 zuwa 1944 gwamnatin mallaka ta riƙa shirya gasar zane ta shekara-shekara, alƙalan da ke zuwa daga Japan kuma sun fi son abin da ya yi kama da ƙauye da tsohon zamani, wato dai an sake gaya wa Koriyawa yadda ya kamata Koriya ta kasance. Yaƙi ya zo ya tarwatsa kowa. Lee Jung-seob, wanda talauci ya raba shi da matarsa da 'ya'yansa da suka tafi Japan, ya riƙa ƙwarzanar zane a kan takardar azurfa ta kwalin taba saboda rashin kayan aiki, ya rasu a 1956 yana da shekara 40. Park Soo-keun ya ci abinci da zana fuskokin sojojin Amurka, amma abin da aka san shi da shi shi ne mata masu wanki da masu talla, a kan fenti mai kaushi irin na jikin dutse. Kim Whanki kuwa ya tara fararen tulunan Joseon a gidansa ya yi ta zana su tare da wata, kuma yana cikin waɗanda suka ɗaga tulun zuwa matsayin da yake a yau, kafin ya koma Amurka a 1963 ya ƙare rayuwarsa yana ɗiga dubban ɗigo a kan manyan ƙyallaye.

A shekarun 1970, ƙarƙashin mulkin shugaban Koriya ta Kudu Park Chung-hee, aka samu masu zanen launi ɗaya da ake kira Dansaekhwa. Park Seo-bo yana jan fensir a kan ɗanyen fenti, layi bayan layi, Ha Chong-hyun kuma yana tura fenti ta bayan ƙyallen algarara har ya ɓullo ta gaba. Abin lura shi ne baje kolin da ya fito da su a 1975 a Tokiyo aka yi shi, kuma a kan fari aka gina shi, wato inuwar Yanagi ba ta gushe ba. Matasan da suka biyo baya sun zarge su da yin shiru alhali ana danne jama'a, ko da yake ba duka ne suka tsira daga hannun hukuma ba, domin an tsare Yun Hyong-keun a 1973. Bayan kisan da sojoji suka yi a birnin Gwangju na kudu a watan Mayun 1980, fasahar Minjung, wato ta talakawa, ta bazu, inda irin su Oh Yoon suka koma ga sassaƙa zane a allon katako da rawar abin rufe fuska ta ƙauye, wasu kuma suka rataya manyan ƙyallaye a wuraren zanga-zanga irin yadda ake rataya zanen ibada a farfajiyar haikali. Ɓangarorin biyu duk gargajiya suke da'awa, amma kowanne da wadda ya zaɓa, ɗaya ta malamai masu tsantseni, ɗaya ta manoma masu ganga. Ɗaliban da suka karanta labarin ƙungiyar ɗaliban fasaha ta Zariya ta 1958, da yadda Uche Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, ba sa shan wahalar gane wannan jayayya.

Nam June Paik, mai fasahar bidiyo, yakan zo a ƙarshen zango, kuma shi ma bai rabu da tsohon zamani ba, tunda a 1974 ya zaunar da siffar Buddha a gaban talabijin tana kallon hoton kanta. Hasumiyarsa mai talabijin 1,003 da aka kafa a Gwacheon a 1988 ta zama ciwon kai ga masu kula da ita, domin an daina ƙera irin waɗannan akwatunan, har aka kashe ta a 2018 aka sake kunna ta a 2022 bayan dogon gyara. Ba na barin Koriya ta Arewa a baya. Masu zane da dama sun tsallaka can bayan rabuwar ƙasar, kuma sai a 1988 aka ɗage haramcin nuna ayyukansu a Kudu. Cibiyar Mansudae ta Pyongyang ce ta gina katafaren mutum-mutumin farfaɗowar Afirka da aka buɗe a Dakar a 2010, don haka ɗan Afirka ta Yamma ya fi kusa da ganin aikin Koriya ta Arewa da idonsa fiye da na Kudu. Haka kuma babban baje kolin Gwangju, wanda aka fara a 1995 domin tunawa da abin da ya faru a birnin, ɗan Najeriya ne, marigayi Okwui Enwezor, ya jagoranci shirya shi a 2008.

Aikin ƙarshen zango shi ne ɗan baje kolin da ɗalibai suke shiryawa a barandar sashenmu, kuma ba bisa jerin shekaru muke tsara shi ba. Hoton tulun wata yana kusa da zanen Kim Whanki, a gabansu kuma randar Ushafa ta gaske wadda kowa zai iya taɓawa ya ƙwanƙwasa. Makarantar Kim Hong-do tana fuskantar matan Park Soo-keun. Babbar illar hoto ita ce yana daidaita girman komai, kofi da kogo su fito tsayi ɗaya a bango, shi ya sa muke auna takarda mu yanka ta daidai da asalin abin, kamar zanen dutsen Inwang mai faɗin santimita 138 da tsayin 79, ko da kuwa hoton da ke tsakiyarta ƙarami ne. Takardar bayani da Hausa da Turanci ake rubuta ta, kuma dole ta amsa tambayoyi huɗu: wa ya yi abin, domin me aka yi shi, wa ya fara ɗaga shi a matsayin fasaha, kuma a ina yake yanzu. Tambayar farko ce ta fi yawan zama babu amsa, domin maginan Gangjin da na matoyar sarauta, da matan da suka ɗinka ƙyallayen naɗe kaya na bojagi daga guntayen yadi, ba a rubuta sunayensu ba. Saboda haka duk ɗalibin da aka aika Ushafa ko Kwali sayo tukunya, sharaɗin karɓar aikinsa shi ne ya dawo da sunan wadda ta gina ta da yardarta, da inda ta haƙo yumɓun, da wurin wanda ta koya, a rubuta su a takardar da za a liƙa a gefen tukunyar.